An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Direban bas ya murɗa makulli da asuba, mota ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru, nan take a yanke hukunci: batir ya mutu. A tura ta, a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo sabo. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo, sai a hau zagin mai shago da kayan zamani. Wannan shi ne barin jaki a doki taiki, domin sau da yawa mai laifin yana nan kwance a gefe: wayoyin nan biyu masu kauri, ja da baƙa.

Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 idan mota na hutawa. Amma kik, lokacin da zai juya inji, yana zuƙar wuta amfiya 150 zuwa 200, na dizal ma ya fi haka, kuma duk wannan wuta ta cikin wayoyin za ta bi. Tururin ruwan batir yana cin jan ƙarfe, ya bar koren garin nan da ake gani a kan batir. Ba a kai kawai yake tsayawa ba, yana shiga ƙarƙashin roba ya ci wayar ta ciki, daga waje kuwa sumul. Fitila za ta kama, rediyo zai yi waƙa, don su kaɗan suke sha. Kik ne ke kwana da yunwa. Mai wayarin da ya san aikinsa zai ɗora mita a bakunan wayar biyu ana murɗa makulli. In asarar wutar ta wuce rabin bolt, an kama ɓarawo. Baƙar waya, wadda ke kama inji da jikin mota, ita aka fi mantawa. Kuma ita ake fara kwancewa, ita ake ɗaurawa a ƙarshe, don kada sifana ta haɗa jan kai da ƙarfen mota ta tada wuta.

To amma me ya sa ba a dubawa? Batir yana da suna, da farashi, da wanda za a kama. Waya ba ta da mai ita. Sai a ƙwanƙwasa kanta da dutse, a cusa ƙusa, a wuce.

Sai dai kada in cika baki. Zafin ƙasar nan yana kashe batir da gaske, kuma wayar da ta lalace tana hana shi cika caji, har shi ma ya mutu. A nan taikin ya shiga laifi, dukan bai zama zalunci ba. Sannan wanda ya yarda ya canja waya, wa ya tabbatar masa abin da aka miƙo masa jan ƙarfe ne? Akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ga kauri ga sheƙi, ba ta ɗaukar wuta kamar ta ainihi. Direba ya canja batir, ya canja waya, gobe da asuba kwandasta na can baya yana turi.