Daga Kano zuwa Jidda: hajjin jirgi ya kai na ƙafa?

Tsakanin Kano da Jidda ta sama kusan kilomita 3,400 ne, kuma jirgi kan cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Maniyyaci sai ya yi Isha'i a Kano, Asuba ta riske shi a ƙasa mai tsarki. Tsofaffin unguwarmu kan ce hajjin jirgi bai kai na ƙafa ba, kuma maganar ta daɗe tana yi mini yawo a rai.

Suna da abin kamawa. Kakanninmu ta Maiduguri suke bi, su shiga Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, su wuce Abeche da Alfashir, har Sawakin, inda za su hau jirgin ruwa su tsallake Bahar Maliya. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ƙodago a gonakin auduga na Jazira, damina ta wuce, wata ta biyo. Wasu sun dawo da furfura. Wasu Sudan ta riƙe su, zuriyarsu na can har yau a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mai fita irin wannan tafiya sai ya bar wasiyya, ya bi gida-gida neman gafara, don bai sa ran dawowa ba.

Amma shari'a ba ta ce a je neman wahala ba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ga wani dattijo 'ya'yansa biyu na tallafe da shi saboda ya yi bakancen tafiya da ƙafa, sai ya umarce shi ya hau abin hawa. Risalar da muka karanta a zaure ma da nisa ta ɗaure kasaru, mil 48, ba ta tambayi ko matafiyi ya gaji ba. Don haka mai kujerar jirgi da mai raƙumi hukuncinsu ɗaya. Kuma wahalar ba ta ɓace ba, wuri ta sauya: a tambayi manomin da ya sayar da shanun huɗarsa, ko matar da ta yi shekaru tana zuba adashin gata.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Doguwar hanya tana dafa zuciya kafin a isa. Yanzu kuwa mutum zai bar rigimar gona da ɗan'uwansa da safe, kafin dare yana talbiyya, haushin na nan daram a ƙirjinsa. Awa biyar ba ta isa ta wanke wannan ba.

Maniyyaci, daga ranar da ka biya kuɗin kujera ka ɗauka ka kama hanya. Biya basussukanka, je ka sami wanda kuka ɓata ku yafi juna tun kafin a kira sunanka a sansanin alhazai.