Tukunyar Kakanni: Tarihi Muke Dafawa Ko Wasa?

Kowace shekara idan zangon karatu na ƙarshe ya zo, makarantar da muke koyarwa a nan Dutsin-Ma takan ware rana guda domin bikin al'adun gargajiya. Samari su sa warki su yi kokawa, a buga kalangu, 'yan mata kuma su jera akusa da ƙorai a gindin bedi, manyan baƙi su bi layi suna ɗanɗanawa suna gyaɗa kai. A bara mu ne aka ɗora wa nauyin ɓangaren abinci, sai zumuɗi ya ɗebe mu muka sa aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin allo: Abincin Zamanin Korau. Ana saura mako biyu biki, wata yarinya 'yar aji uku ta tsare mu a bakin ofis ta ce, "Malam, wai a zamanin Korau akwai tumatir? Ai an ce mana daga Amurka ya zo." Muka yi 'yar dariya irin ta wanda aka kama, muka ce ta koma aji. Amma tambayar ba ta koma aji ba, ta biyo mu har gida.

Gaskiyar yarinyar ce. Muhammadu Korau ya yi sarautar Katsina a ƙarni na 15, Kolumbus kuwa sai a 1492 ya taka ƙasar Amurka, kuma bayan nan ne tsirran can suka fara yawo a duniya. Idan mai karatu ya ɗauki jerin abin da muka shirya dafawa ya soke duk wanda ya fito daga can, zai ga abin mamaki. Tumatir ya tafi. Barkono da tattasai da attaruhu sun tafi. Masara ta tafi, ga shi sunanta ma yana nuna baƙuwa ce, don da sunan Masar muke kiranta. Rogo da dankali da kabewa sun bi su. Gyaɗa, wadda muka taɓa tara dala da ita a Kano har muka ɗauke ta tamu ce ta gado, daga Amurka ta Kudu aka kawo ta, saboda haka ƙuli-ƙuli da yajinsa da man gyaɗa duk sun fita. Ko bedin da muke shimfiɗa tabarmi a inuwarsa, a zamanin Turawa aka kawo shi, asalinsa kuwa ƙasar Indiya.

Ba mu kaɗai ne wannan sha'awa ta kama ba. A birnin Bakili na jihar Kalifoniya an kafa wata ƙungiya a 1966 wadda 'ya'yanta kan yi shigar mutanen da, su yi wasan takobi, sa'an nan su yi walima da abincin da suka dafa daga tsofaffin littattafai. Wasunsu girkin Larabawa da Turkawa suka fi so, dalili kuwa shi ne waɗannan al'ummu sun bar rubutu mai yawa. Ibn Sayyar al-Warrak ya tattara girke-girke fiye da 600 a Bagadaza a ƙarni na 10, cikinsu har da na Ibrahim ibn al-Mahdi, ɗan'uwan Halifa Haruna Rashid, wanda ya shahara da waƙa da kuma girki. A 1226 wani marubuci da ake kira al-Bagdadi ya rubuta nasa mai girki 160, wanda wani likita mai suna Shirwani ya mayar da shi harshen Turkanci a ƙarni na 15 ya kuma ƙara nasa a kai. A ciki akwai sikbaj, naman da ake dafawa da ruwan tsami a zuba masa zuma, akwai kuma sarid, gurasar da ake jiƙawa da romon nama, wadda ɗaliban hadisi suka san sunanta.

To amma ko masu littafin ma ba su tsira ba. Sau da yawa marubucin da ba ya faɗin awo, sai ya ce a zuba kaza gwargwadon bukata, domin da ma ga masu dafa abinci yake magana, waɗanda hannunsu ya riga ya sani. Bugu da ƙari akwai wani abin ɗanɗano mai suna murri da yake fitowa a girki bayan girki, wanda Larabawa suka daina yi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ana kwaɓa garin sha'ir ne a naɗe shi a ganyen ɓaure, a ajiye kwana arba'in har ya yi funfuna, sa'an nan a haɗa shi da gishiri da ruwa a sake bari ya nuna. Wani Ba'amurke masanin tarihin abinci, Charles Perry, ya yi haƙuri ya bi wannan hanya, a ƙarshe ya ce abin da ya samu ya yi kama da ruwan ɗanɗano na waken soya da mutanen Sin ke yi. Sai dai babu wani Balaraben ƙarni na 10 da zai tashi ya lasa ya ce masa haka ne ko ba haka ba. Mu dai da muka karanta labarin murri, daddawa ce ta faɗo mana a rai, muka ce Allah Ya sa ba ranar da wani jikanmu zai riƙa lalube a takarda yana neman yadda ake rufe kalwa, tunda ga dunƙulen Maggi ya mamaye kowace tukunya.

Mu namu kakannin ba su bar mana littafin girki ba. Malamansu sun yi rubutu a kan fiƙihu da tauhidi da nahawu, amma madafi wurin mata ne, ilminsa kuma daga hannu zuwa hannu yake tafiya. Abin da ya rage mana shaidu biyu ne. Na farko harshe. Alkubus daga kalmar Larabci ta al-khubz ya fito, alkaki daga al-ka'ak, gurasa daga ƙursa, kanumfari daga ƙaranful, kuma duk suna tuna mana da fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Katsina da Kano. Wato ke nan wani yanki na girkin Larabawan da Turawa ke wahalar tonowa daga takarda, mu yana nan da ransa a kan farantin talla. Na biyu kuwa bakin matafiya. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Walata a 1352, aka karɓe shi da dakakken gero haɗe da nono da zuma a cikin ƙwarya. Ya raina abin ƙwarai, har ya ji kamar ya juya ya koma inda ya fito. Mun gode masa da rainin, don ta dalilinsa muka san cewa 'yar'uwar fura tana nan a ƙasashen Sudan fiye da shekara 600 da suka wuce.

Da wannan ɗan guzuri muka hau babur muka nufi Tamawa, wajen wata tsohuwa, goggon ɗaya daga cikinmu, wadda aka shaide ta da iya daddawa da tuwon biki. Bayan gaisuwa muka ce, "Goggo, so muke ki koya wa yaranmu miya irin ta mutanen da, wadda babu tumatir babu barkono babu man gyaɗa." Ba ta ga wani abin wahala a ciki ba. Ta lissafa mana kuka da kuɓewa busasshiya da yakuwa, daddawar kalwa, masoro da kimba da citta su maye gurbin yaji, ruwan toka, man shanu ko man kaɗe, gishiri kuwa in da hali a nemo irin na Bilma da Buzaye ke kawowa. Muna ta rubutawa muna murna. Can sai ta dube mu ta ce, "To Malam, na wane gida za a dafa? Na gidan sarki ko na gidan ubana? Kuma na kaka kuke so ko na bazara?"

Nan ne alƙalami ya tsaya. Ta ba mu labarin da kakarta ta ba ta na yunwar Kakalaba ta 1914, lokacin da mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa don neman hatsin da ta ɓoye, suna sussukar ƙarangiya suna dafa 'ya'yanta. Ita kanta ta ga farin 1973 da idonta, ta ce sun yi makonni babu abin da ke shiga cikinsu sai tafasa da ɗan garin ɗorawa. Ta ce, "In abincin mutanen da kuke nema, wannan ma nasu ne. Za ku ba baƙin naku?"

Tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami ke nan: shin mutum yana da haƙƙin ya ce ga abincin kakanni, alhali ya zaɓo na ranar daɗi kawai ya bar na ranar wuya? Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Littafin al-Warrak abincin halifofi ne da wazirai da manyan attajirai. Takardun lissafin madafin fadar Topkapi a Istanbul, inda ake dafa wa dubban mutane abinci a kullum, sun adana abin da fada ta saya, ba su san abin da manomin Anadolu ya kwana da shi ba. Duk mai shirya walima daga irin waɗannan littattafai, ko ya sani ko bai sani ba, ya zaunar da kansa a kan shimfiɗar sarki. Da ma a irin wannan wasa kowa basarake yake fitowa, ba mu taɓa jin wanda ya ce shi ne bawan da ke hura wuta ba, ko kuyangar da ta kwana tana niƙa a kan dutse.

Da muka dawo muka baje maganar a ɗakin malamai, ra'ayi ya rabu. Wani abokin aikinmu ya ce muna neman mu mai da allura garma. A ganinsa biki biki ne, kowa ya san wasa ake yi, kamar yadda yaron da ya sa gemun auduga a tashe ba wanda zai ce ya yi ƙaryar tsufa. Hujjarsa tana da ƙarfi, mun kuma yarda cewa kwaikwayo ba ƙarya ba ne muddin mai kallo ya san kwaikwayo ne. Inda muka rabu da shi shi ne, yaro ya san gemun auduga ba gemu ba ne, amma idan malaminsa ya rubuta a allo cewa wannan miyar Korau ce, zai ɗauka ya tafi da ita har ya tsufa. Allon makaranta ba dandalin tashe ba ne, amanar da ke kansa ta fi haka nauyi.

Wata malama kuma ta ɗauki ɗaya ɓangaren da zafi, ta ce in gaskiya ake so a dafa tafasa zalla, ba mai ba ƙuli, a ajiye gaban manyan baƙi su ji yadda talaka ya rayu. Da farko abin ya burge mu. Daga baya muka ga shi ma yana da nasa aibin, wanda watakila ya fi na farko muni. Mutumin da ya karya da shayi da burodi, ya zo da mota, ya ɗebi cokali ɗaya na tafasa ya yatsine fuska ya kora da lemon kwalba, me ya sani game da yunwa? Babban abin da ke cikin wancan girki ba a tukunya yake ba, a cikin mai ci yake, kuma ba a sayo shi a kasuwar Dutsin-Ma. Ban da haka, a cikin ɗalibanmu akwai waɗanda rashin tsaro ya kori iyayensu daga ƙauyukan yammacinmu, gonakinsu suna can ba a noma ba. Ga waɗannan yara tafasa ba tarihi ba ce, wasunsu da ita suka kwana jiya. A ce mu ɗora ta a tebur mu yi mata ado da takarda mu kira ta al'ada, suna tsaye suna kallo, wannan cin fuska ne ko da ba mu yi niyya ba.

Akwai kuma abin da dukkanmu ba mu iya gyarawa, shi ne harshen da ke bakinmu. Ranar gwaji da Goggo ta zo ta tsaya a kan yara aka yi miyar kuka da masoro da kimba, malamai suka ɗanɗana suka ce ta yi salam. Ga mutumin zamanin Korau kuwa, wanda bai taɓa sanin zafin attaruhu ba, wannan ita ce miya mai yaji. Ko da mun dace da kowane sinadari daidai, abin da ya ji ba shi muka ji ba. Muna iya aron tukunyarsa da muciyarsa, bakinsa dai ya tafi da shi kabari.

Duk da haka ba mu ga dalilin fasawa ba, domin a makonni biyun nan yara sun koyi abin da darasin tarihi na shekara guda bai koya musu ba. Sun ga yadda ake dafa kalwa yini guda, a surfa ta a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana uku har warinta ya tashi. Sun niƙa gero a dutse hannuwansu suka yi kanta, suka daina tambayar dalilin da ya sa matan da ke tashi tun asuba. Matsayin da muka tsaya a kai shi ne, a dafa, amma a faɗi iyakar abin da aka sani, a kuma faɗi sunan wanda aka koya a wurinsa. Korau bai koya mana komai ba, Goggo ce ta koya mana.

Saboda haka muka goge allon. Aka sake rubutawa: Abincin da babu kayan Amurka a cikinsa, kamar yadda wata uwa daga Tamawa ta koya mana. Ba a dafa tafasa ba. A maimakon haka muka roƙi Goggo ta zauna a kan tabarma ta ba da labarin Kakalaba da bakinta, aka ajiye akushi guda babu komai a ciki a gabanta. Wani daga cikin manyan baƙi ya ɗaga murfin, ya leƙa, ya tambaya ko yara sun riga sun cinye ne. Yarinyar nan 'yar aji uku ce ta matso ta yi masa bayani. Ya saurara har ta gama, ya mayar da murfin a hankali, sa'an nan ya juya ya ce ko akwai wanda ya zo da ɗan yaji a aljihu, don tuwon ya ƙi wuce masa.