Mudun Auna Wanda Ya Tarar da Kufai

In an ɗora shayi na biyu a fadarmu ta Dabaga, hira kuma ta faɗa kan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu, gardama ɗaya ce ke tashi: tsakanin Harouna Doula da Gernot Rohr, wa ya fi yi wa ƙwallon Nijar aiki? Samari sai su kama ƙirga maki a yatsa. Ni mai garka ne, hankalina kan tafi ga tambayar da ta fi ƙwallo nauyi: da wane mudu ake auna mutumin da aka damƙa wa abin da ya riga ya lalace?

Doula ya karɓi ƙungiyar da ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba. Aka jefa shi rukuni ɗaya da Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010, ga Afirka ta Kudu, ga Saliyo. Dukansu uku ya doke su a filin Seyni Kountché na Yamai, dukansu kuma suka doke shi a gidajensu. Ranar 8 ga Oktoba 2011 muna zagaye da rediyo Masar ta zura mana uku ba ko ɗaya, har wasu sun tashi sun kaɗe riga. A daidai lokacin ƴan Afirka ta Kudu na rawa a fili saboda sun tashi babu ci da Saliyo, a zatonsu sun wuce. Ashe doka ta ce in maki ya zo ɗaya, wasannin da aka yi tsakanin masu kunnen dokin ake dubawa. Ƙasashe uku ke da maki 9, Nijar ce a sama. Wanda aka lallasa ya wuce, mai rawa ya zauna gida. Hukumar CAF ta ba Doula kyautar gwarzon mai horarwa na 2011.

Watanni kaɗan bayan haka, Gabon ta ci mu biyu da nema a wasan farko na gasar 2012, aka janye shi gefe aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis. Mai horar da Gabon a ranar kuwa Rohr ne, wanda daga baya ya zo Yamai, ya fitar da Gini, ya kai mu gasar 2013, ya samo mana makinmu na farko da canjaras da Kwango. A takarda Rohr na da maki ɗaya a gasar, Doula ba shi da ko ɗaya.

Takarda irin wannan na san ta a jikina. Farkon Satumba na 2009, ana cikin azumi, Telwa ta sauko daga duwatsun Abzin da ruwan da ya ci garake a nan, ya rushe unguwanni a Agadas. Garkar kawuna tana bakin ƙorama. Da ruwa ya janye, yashi ya kai gwiwa a inda albasa take, rijiya ta cike har baki, sai kan itacen guga ke leƙowa. Maƙwabcinmu na can tudu kuwa laka mai taushi ruwan ya bar masa, a kakar farko motoci suka yi lodin albasarsa, ana ta cewa ga namijin duniya. Kawu shekara biyu ya yi yana kwasar yashi da jaki da mangala. Na tuna tafin hannunsa ya tsage har ba ya iya riƙe kofin shayi sai da gefen rawani. Ya yashe rijiya, ya sake jera mata duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya karɓi abinsa kafin garkar ta cika buhu ashirin. Ni na gaje ta, a shekara ta uku ta yi kyau, har yau kuma in an wuce ana cewa ni na tada ta.

Yabon ya tsaya mini a maƙogwaro, sai na kai wa malaminmu bayan sallar la'asar. Na ce, "Allah gafarta Malam, in nasara rabo ce, me ya rage da za a yaba wa mutum a kai?"

Bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya ce, "Ɗana, Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata gare shi, shekara 950 ya yi yana kira, kaɗan suka bi shi. Annabi Yunusa ya bar mutanensa cikin fushi, daga baya dubu ɗari ko fiye suka yi imani. In da yawan mabiya ne mudu, wa za ka sa gaba? Amma Nuhu ne malamai suka lissafa cikin manzanni biyar ma'abota azama." Ya ƙara da cewa bawa aiki da niyya za a tambaye shi, amfanin gona kuwa na Mai saukar da ruwa ne.

Na yarda, amma ban yarda a mayar da maganar mafakar rago ba. Akwai wanda ke karɓar kufai ya bar shi kufai, ya ce ƙaddara ce. Dole mu auna, tunda dole mu zaɓi wanda za mu ba makaranta ko ƙungiya ko garka. Abin da nake roƙo shi ne a auna daga ƙasan rami, a tambayi zurfin yashin da mutum ya tarar, a duba abin da ya bari wanda na bayansa ya taka. Da wannan mudun ni Doula nake sa gaba, ba don raina Rohr ba, domin shi ma ya riƙe amanar da ya tarar. Sai dai yawancin yaran da ya ci Gini da su, a hannun Doula suka fara sanin cewa Masar ma tana ciyuwa.

Jiya wani yaro a fada ya ce mini, "Baba, ai kofi ba ya tambayar tarihi." Na ce ya biyo ni garka da safe. Muka leƙa rijiya tare, na nuna masa jerin duwatsun ƙasa, waɗanda ruwa ke rufewa in damina ta yi kyau, na gaya masa sunan wanda ya jera su.