Ranar da Inna ta Ba da Maki

Wata malamar ilimin halittu a wata jami'a a Kano ta gama koya wa 'yan aji uku darasin tsargiya. Sun haddace komai, har sunan Theodor Bilharz, likitan Jamus da ya gano tsutsar da ke kawo cutar a Alƙahira a 1851. Ranar jarrabawar baka sai ga malama da wata tsohuwa mai turara shinkafa daga Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai zuwa gonaki. Jikanta na fitsarin jini, maƙwabta kuwa sun ce balaga ce.

"Yau Inna ce mai ba da maki," in ji malama.

Gwanin aji ya miƙe, ya yi ta zuba Turanci da Latin babu tuntuɓe. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya ƙara basira, ɗana. To, ni me zan je in yi?" Ya yi tsuru-tsuru.

Sai wata ɗaliba mai ƙarancin magana ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, a ina jikanki yake wanka?"

"A magudana, shi da sa'anninsa."

"To, a nan matsalar take. Mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsa ke fita. Ya ƙyanƙyashe, ya shiga ƙananan dodon koɗin da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga, ko bai sha ba. Tsutsar ta girma a jijiyoyin jini kusa da mafitsara, ƙwanta ke yi wa mafitsarar rauni. Jinin da kike gani ke nan. Akwai ƙwayar magani a asibiti, praziquantel, a ba shi bayan ya ci abinci. In ya koma ruwan, zai iya sake ɗauka."

Inna ta tafa hannu. "Ashe ta fata take shiga!" Ta mayar da bayanin tsaf da bakinta, ta nuna yarinyar.

Gwani ya ce, "Malama, ai ban yi kuskure ba."

"Ba ka yi ba, kuma ilimin nan naka muna buƙatarsa. Amma ka fara magana ba ka tambaye ta komai ba, ta tashi ba ta ƙaru da kai ba."

Washegari Inna ta kai jikanta asibiti, tare da yaran maƙwabta biyu.