Nasihar Juma'a: Kowace Jarida Da Mudunta

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa (SAW).

'Yan uwa masu albarka, duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Wuse ko Dei-Dei ya san ba a karɓar awo sai an duba mudun. To me ya sa idan labari ya zo muke haɗiye shi ba taunawa?

A Suratul Hujurat, aya ta 6, Allah ya umarce mu da bincike idan fasiƙi ya kawo labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Malaman tafsiri sun ce ta sauka ne kan Banu Musɗaliƙ, da aka ce sun hana zakka alhali ba su hana ba. Saura ƙiris a yaƙe su.

Kowace kafa tana da mai ita. NTA da Rediyon Najeriya na gwamnatin tarayya ne. Muryar Amurka ta gwamnatin Amurka ce. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939, gwamnatin Turawan mulki ce ta kafa ta. Ba mu ce maƙaryata ba ne, amma kowa da inda mudunsa ya karkata.

Mu tuna watan Yulin 2024, da Daily Trust ta nan Abuja ta buga cewa yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu ta ƙunshi sharaɗin goyon bayan 'yan luwaɗi. Hankali ya tashi, an hau mumbari, an yi ta tsinuwa. Daga baya hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi afuwa. Mun yaba mata. Amma mu da muka tura wa iyalanmu a WhatsApp fa, wa muka nemi afuwarsa?

Saboda haka kafin mu yaɗa labari, mu tambaya: wa ke da jaridar? An ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Kanun ya dace da abin da ke ciki? Wata kafar ta kawo shi? Labarin da ya yi mana daɗi kuwa, shi ya fi buƙatar bincike, domin ta nan son rai ke shigowa.

Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu, ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.