Faɗin Sunan Cuta Rashin Bangaskiya Ne?

Karatu: Filibiyawa 2:25-30, 2 Sarakuna 20:1-7

An koya mana mu tsare bakinmu, kada mu furta wa kanmu mugun abu. Koyarwa ce mai kyau. Amma a ce 'yar'uwa daga Badafi ta je Asibitin Malam Aminu Kano, an ɗebi ɗan tsoka daga ƙullutun da ke mamanta an auna, likita ya ce ciwon daji ne. Ran Lahadi ta zo sujada, aka tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Tsoronta shi ne, in ta kira sunan cutar, ta karɓe ta ke nan. To, ina bangaskiya take, a shirun ko a faɗin?

Ku dubi Abafaroditas. Ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, ga shi kuwa yana wurin manzo Bulus, mutumin da Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa. Bulus bai ɓoye ba. Ya rubuta wa ikkilisiyar Filibi a fili, har ya nuna irin baƙin cikin da zai yi da ɗan'uwan ya mutu. Sarki Hezekiya ma, annabi Ishaya ne ya kawo masa labarin cewa ciwonsa na ajali ne, ya shirya gidansa. Da ya ji gaskiya ne ya yi kuka gaban Allah, aka ƙara masa shekara 15. Bayan alkawarin kuma sai da aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Addu'a ba ta kori magani ba.

Kiran sunan cuta ba ya ba ta ƙarfi. Lokaci ne ke ba ta ƙarfi. Likitoci sun kasa ciwon daji mataki 4. A na farko yana wuri ɗaya, sau da yawa aiki kan fitar da shi. A na huɗu ya riga ya bazu zuwa hanta, huhu ko ƙashi. Ƙullutun mama kuwa yakan fara ba zafi, shi ya sa ake raina shi. Watannin da aka yi ana ɓoyewa, ana shafe-shafe, ana cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, su ne watannin da yake tafiya. Wannan magana ta ƙarfe ta kai mata da yawa kabari, kuma har cikin masu bi ana jin ta.

Ga kuma nauyin jinya, wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Akwai zirga-zirga ta Kwanar Dangora zuwa Kano ko Shika, akwai ruwan maganin da ke zubar da gashi ya hana cin abinci, akwai buhunan masarar da za a sayar tun kafin su yi daraja. Wa zai kula da yara? Wa zai yi noman? Mace da ta ɓoye wa mijinta don kada ya damu, ranar da ya sani zai damu sau biyu. 'Ya'yanta mata ma suna da hakkin sani, domin wani nau'in sankarar mama yana bin jini.

Duk da haka, ban ce dole mai ciwo ya tashi gaban jama'a ya yi shela ba. Jikinsa ne, labarinsa ne. Ya zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙon amana: abokin aure, fasto, wata uwa a zumuntar mata.

Mu masu ji, laifinmu ya fi yawa a wannan shirun. Mutane suna ɓoyewa ne domin sun ga abin da muka yi wa waɗanda suka faɗa. An roƙi addu'a da safe, kafin yamma labari ya kai kasuwa. Wani ya zo dubiya yana neman zunubin da ya jawo abin, ko kishiyar da ta yi jifa. Wata ta ware mata kwano, alhali ciwon daji ba a ɗaukarsa ta abinci ko ta taɓawa. Mafi ciwo shi ne mai cewa da bangaskiyarki ta cika, da kin warke. Wa zai iya faɗa wa Bulus haka game da Tarofimas, wanda ya bari ba lafiya a Militas?

In 'yar'uwa ta buɗe maka cikinta, fara da tambayarta wa take so ya sani, wa kuma ba ta so. Kada a kira sunanta a bagade sai da izininta. In ta yi kuka, a bar ta ta yi. A shafa mata mai, a ɗora hannu, a roƙi warkarwa da dukan zuciya, domin Yesu yana warkarwa har yau. In an ce amin, a tambaye ta ranar komawarta asibiti, da wanda zai raka ta, da ko kuɗin mota ya cika.