Ka Je Wurinsa Tukuna

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai wani irin ciniki da kowa ya sani a nan Kara da ƙauyukan Gwarzo da Kabo. Mai kuɗi ya kan sayi sa ko rago, ya ba ɗan'uwansa ya turke. Shi kuwa mai kiwo ya yi ta ba shi harawa da dusa har Babbar Salla ta kusa, sa'anda dabba ta ke tsada. Ran da aka sayar, ran nan rigima ta kan tashi. Mai kiwo ya ce a fid da kuɗin dusa da la'adar dillali tukuna, kana a raba riba. Mai kuɗi ya ce ai ba haka aka yi da shi ba. Sau da yawa ba maƙaryaci a cikinsu, ba su dai yanke magana tun farko ba.

Saɓani ba abin mamaki ba ne, gama harshe da haƙori ma su kan saɓa. Abin baƙin ciki shi ne inda mu ke kai maganar. Wannan ya gaya wa matarsa, wancan ya baza a kasuwa, ran Lahadi kuwa su zauna a masujada ɗaya ba gaisuwa. Kafin a jima an kai gaban alƙali, ribar da a ke faɗa a kanta ta ƙare a kuɗin mota da zirga-zirga. Manzo Bulus ya tsauta wa Korintiyawa saboda irin wannan ƙara.

Cikin Matta sura 18 Ubangijinmu ya shimfiɗa mana hanya daki-daki. Da fari ka sami mutumin shi kaɗai. Idan bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai wannan ya gagara a ke kawo magana gaban ekklesiya. Mu kuwa mun saba tsallake mataki na fari, domin shi ne mai wuya. Amma a kaɗaice ne mutum ya ke iya cewa ya yi kuskure, ba tare da ya sha kunya ba.

Idan ka je, kada ka je domin ka ci nasara. Ku tuna da Ibrahim cikin Farawa sura 13. Da makiyayansa da na Lutu suka yi faɗa a kan makiyaya, shi ne babba, amma ya bar yaron ya fara zaɓe. Ya rasa kwari mai dausayi, ya tsira da zumunci.

Manyan attajirai ma sun san wannan. Alhassan Ɗantata, wanda ya shahara a sayen gyada bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kan ba yaransa jari su shiga ƙauyuka, amana ce ta riƙe cinikin. Da ajalinsa ya kusa a 1955, ya tara 'ya'yansa ya gargaɗe su su zauna tare, su kuma guji rigima da sauran attajiran Kano. Idan mai dukiya irin tasa ya ga rigima hasara ce, ina ga mu masu rago ɗaya?

Saboda haka, kafin a ɗaure dabba, ku kira shaidu biyu, ku faɗi wanda za ya sayi dusa, da yadda za a raba riba, da abin da za a yi idan dabbar ta mutu. A rubuta a takarda, kowa ya riƙe tasa. Kai kuwa da ka ke riƙe da abokin cinikinka a zuciya yau, kada ka jira ya zo. Ka tashi ka je ƙofar gidansa kafin Lahadi mai zuwa. Allah ya ba mu zuciyar sulhu. Amin.